Kano zuwa Jidda: awa huɗu da rabi ne ko awa takwas?

Tambaya: Assalamu alaikum. Zan raka mahaifiyata Umra a watan Janairu. Tikitinmu ya nuna za mu tashi daga Kano ƙarfe 11:00 na dare, mu sauka Jidda ƙarfe 7:15 na safe, awa takwas da kwata ke nan. A dawowa kuma tashi ƙarfe 4:00 na yamma, sauka ƙarfe 8:35 na dare, awa huɗu da minti 35 kacal. Maƙwabcinmu da ya je a 2019 ya rantse awa huɗu da rabi suka yi. Hajiya ta manyanta, tana da ciwon suga da ciwon gwiwa, ina so in san gaskiyar nisan da kuma awa nawa za ta yi a zaune.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya saka maka da alheri da wannan hidima, ya kai ku lafiya. Na daɗe ina aiki a sashen tsara tafiyar jirage, wato mu ne muke lissafa hanya da mai da lokaci mu miƙa wa matuƙi takarda kafin ya tashi, don haka tambayarka ta faɗo gidan sani. In taƙaice maka kafin in warware: Hajiya za ta zauna awa shida da kwata a tafiya, awa shida da minti 35 a dawowa. Tikitinka bai yi ƙarya ba, maƙwabcinka ma bai yi ba. Abubuwa biyu ne suka shiga tsakaninku, agogo da yaƙin Sudan.

Agogon ya fi sauƙi, bari mu fara kawar da shi. Duk lokacin da aka rubuta a tikiti, na garin da abin zai faru ne. Ƙarfe 11:00 ɗin nan agogon Kano ne, ƙarfe 7:15 kuwa agogon Jidda. Saudiyya tana gabanmu da awa biyu, rani da damina, ba ya canzawa. Saboda haka sa'ad da jirginku zai tsaya a Jidda, agogon da ke ɗaure a hannunka, in ba ka juya shi ba, ƙarfe 5:15 na asuba zai nuna. Daga sha ɗaya zuwa biyar da kwata, awa shida da kwata. A dawowa sai ka juya lissafin: ƙarfe 4:00 na yamma a Jidda ƙarfe 2:00 na rana ne a Kano, daga biyu zuwa takwas da minti 35 kuwa awa shida da minti 35 ne. Ka ga dawowar da ka ɗauka ita ce gajeriya, ita ce ma ta fi tsawo da minti ashirin. In za ka gabas ka cire awa biyu daga abin da ido ya gani, in za ka dawo ka ƙara su.

Wannan tarko ba fasinja kaɗai yake kamawa ba, shi ya sa a ofishinmu ba ma aiki da agogon gari sam. Agogo biyu ne a bango, ɗaya na Najeriya don a san lokacin salla da tashi aiki, ɗayan na GMT, kuma da shi ake rubuta kowace takarda, daga ta matuƙi har saƙon da za a aika wa masu kula da sararin sama na wata ƙasa. Sabon ma'aikaci yakan yi mako biyu yana ƙidaya da yatsu kafin kansa ya saba.

Sai nisa. Daga filin jirgin Malam Aminu Kano zuwa filin Sarki Abdul'aziz da ke Jidda, a miƙe, kilomita 3,420 ne ko kusa da haka. Ka ɗauka kamar ka yi Kano zuwa Legas ta sama sau huɗu, don wannan kilomita 830 ne da 'yan kai. In Madina aka nufa kai tsaye, nisan ya ƙaru zuwa wajen 3,560. Mutumin Maiduguri ya fi mu kusa, nasa bai cika 3,000 ba. Na Sakkwato ya haura 3,700, na Yamai 4,000, na Legas wajen 4,200. Za ka iya cin karo da wasu lambobin a intanet, wani wuri 2,125, wani wuri 1,850, kada su rikita ka, nisan ɗaya ne, mudun awon ne daban. Na farkon mil ne irin na mota, wanda kowane ɗaya kilomita 1.609 ne. Na biyun mil ɗin teku ne, kowane ɗaya kilomita 1.852, kuma da shi matuƙa jirgin sama da na ruwa suke aiki.

Kalmar "a miƙe" tana buƙatar bayani, don duniya ba faifai ba ce. In ka samu ƙwallon taswirar duniya irin na makarantar firamare, ka danne bakin zare a kan Kano da babban yatsa, ka ja ɗaya bakin zuwa Jidda har ya yi tsam, inda zaren ya kwanta nan ce gajeriyar hanya. Ni haka aka koya mini, haka kuma nake koya wa yara. Zaren zai fita ta arewacin Jigawa da Yobe, ya ɗan shafi ƙasar Diffa a Nijar, ya bi ta gefen arewa na Tafkin Cadi, ya ratsa hamadar Cadi, ya shiga Sudan, ya tsallake Kogin Nilu kusa da Dongola, ya faɗa Bahar Maliya arewa da Port Sudan, sai ga Jidda a ɗaya gaɓar. Ka lura da kyau: kusan kashi biyu cikin biyar na zaren nan a kan Sudan yake kwance. Za mu dawo kan wannan.

A tafiya irin tamu da ba ta nisanci tsakiyar duniya ba, zaren da layin da za ka ja da rula a shimfiɗaɗɗiyar taswira ba su da bambanci mai yawa. Inda abin yake ba da mamaki shi ne a arewa can, inda za ka ga jirgin da ya tashi daga Dubai zai je yammacin Amurka ya hau ta saman Rasha har kusa da ƙurewar arewacin duniya. A taswirar bango kamar ɓatan kai, a kan ƙwallo kuwa ita ce yanke.

To yaya ake mayar da kilomita ta koma awa? Jirgin fasinja in ya kai ƙololuwar tashinsa, tsakanin ƙafa 33,000 zuwa 41,000, yana gudun kilomita 830 zuwa 900 a awa. Ƙanana irin Boeing 737 da Airbus A320 suna wajen 830, manya irin Boeing 777 da 747 suna kusa da 900. Lissafin da nake yi a ka, ba tare da kwamfuta ba, shi ne in raba nisan da 850, sannan in ɗora rabin awa. Kilomita 3,420 a raba da 850, awa huɗu ke nan da 'yan mintoci, a ɗora rabin awa, huɗu da rabi. Ga maganar maƙwabcinka ta fito daidai.

Rabin awar nan da ake ɗorawa ba son rai ba ne. Lokacin da kamfani yake rubutawa a tikiti ba daga tashi sama zuwa taɓa ƙasa ba ne, daga cire waigi ne zuwa sa waigi. Waigi dai wanda ka sani, irin wanda yaron mota yake tokare tayar tirela da shi, jirgi ma da nasa. Ana zare shi daga ƙarƙashin taya agogo ya fara ƙirga. Motar turi ta tura jirgin baya, a tayar da injuna, ya yi ta rarrafe zuwa bakin titin tashi, wataƙila ya tarar da biyu a gabansa. In ya tashi kuma ba nan take yake kai cikakken gudu ba. Ƙasa da ƙafa 10,000 akasari ba a yarda ya wuce kilomita 460 a awa ba, kuma jirgi mai cike da mutane da kaya da man doguwar tafiya yakan ɗauki minti ashirin zuwa talatin kafin ya gama hawa. Saukowa ma tun da sauran kilomita 200 ake fara ta, ana rage gudu mataki-mataki. Wannan ne dalilin da Kano zuwa Abuja, wadda kilomita 365 ce kawai, da cikakken gudu minti 26 ya ishe ta, take cin kusan awa guda a tikiti. Gajeriyar tafiya rabinta hawa da sauka ne. Doguwa ce take cin moriyar gudun jirgi.

Yanzu babbar maganar. Me ya mayar da huɗu da rabi ta koma shida da kwata?

Sama ba daji ba ne da kowa zai yanka ta inda ya ga dama. Kowace ƙasa tana da ikon sararin da ke kanta, akwai hanyoyi sanannu masu suna da lamba, akwai masu kula da ke karɓar jirgi ta rediyo su miƙa shi ga na gaba, kamar yadda ake miƙa baƙo daga mai unguwa zuwa mai unguwa. A tsohuwar hanya, Kano takan miƙa wa Injamena, Injamena ta miƙa wa Kartum, Kartum ta miƙa wa Jidda. Har tsayin da za a bi akwai ƙa'ida: mai tafiya gabas yana kama lamba mara, kamar ƙafa 35,000 ko 37,000, mai tafiya yamma yana kama cika, 36,000 ko 38,000, don kada a yi gaba da gaba. Kuma ana biyan kowace ƙasa kuɗin ratsa samanta.

Ranar 15 ga Afrilu 2023 faɗa ya ɓarke a Kartum tsakanin sojojin Sudan da dakarun RSF, filin jirgin birnin yana cikin wuraren da aka fara gwabzawa, har aka ƙona jiragen fasinja a ajiye. Aka rufe sararin ƙasar. Abin bai tsaya a Sudan kaɗai ba, don ko bayan ɓallewar Sudan ta Kudu a 2011, daga Kartum aka ci gaba da kula da jiragen da ke ratsa can saman sabuwar ƙasar. Da gadar tsakiya ta karye, sai aka wayi gari an toshe wani makeken yanki daga iyakar Masar har kusa da Yuganda. Ga shi kuma saura 'yan makonni a fara jigilar alhazan shekarar. Kamfanonin da za su yi jigilar suka ce ba za su iya a kan tsohon farashi ba, aka yi ta kai-kawo da Hukumar Alhazai ta Ƙasa a kan ƙarin dala 250 a kujera. Mutane da yawa sun ɗauka wayo ne kawai na 'yan kasuwa. Ni da nake ganin takardun mai, na san ba haka ba ne. Ƙarin awa biyu a babban jirgi tan goma sha wani abu ne na mai, zuwa kaɗai, ban da kuɗin ratsa ƙarin ƙasashe, ban da cewa ma'aikatan jirgi suna da iyakar awannin da doka ta yarda su yi a jere.

In an toshe tsakiya, ko a bi ta arewa ko ta kudu. Ta arewa sai an haɗa da Libiya ko a zagaye ta kafin a kai Masar, ita ma Libiyar kamfanoni da yawa suna gudun samanta. Ta kudu kuwa sai a gangara ta Kamaru da Afirka ta Tsakiya, a ɓulla Habasha, sannan a haura arewa ta kan Bahar Maliya. A farkon rikicin har ta Yuganda da Kenya ake zagayawa, tafiyar ta kusan kai awa bakwai. Daga baya aka samar da hanyoyin wucin gadi ta saman Sudan ta Kudu, abin ya ɗan ragu.

Tikitinka ma da kansa yana ba da labarin hanyar da za ku bi, in ka juya lissafin nan na ka. Cire rabin awa daga shida da kwata, ka ninka abin da ya rage da 850, za ka samu wajen kilomita 4,900. Kano zuwa Adis Ababa a miƙe 3,330 ne, Adis Ababa zuwa Jidda 1,410, jimla 4,740, in ka ƙara ɗan karkatar da za a yi kudu don a kauce wa yankunan Darfur da Kordofan na Sudan, ga 4,900 nan. Wato kamfaninku ya tsara jadawalinsa a kan zagaye ne. Kilomita dubu da ɗari biyar aka ɗora muku a kan na maƙwabcinka. Hanyar lafiya a bi ta da shekara, ni dai ban taɓa jin haushin zagayen da aka yi don gudun inda ake harba makamai ba. Duk wanda yake wannan sana'a a 2014, lokacin da aka harbo jirgin fasinjan Malesiya a gabashin Yukren da mutum 298 a ciki, ba ya wasa da wannan batu.

Irin haka ta sake faruwa a ƙofar gidanmu watanni kaɗan bayan na Sudan. Da sojoji suka karɓi mulki a Nijar, suka rufe samansu a watan Agusta 2023 na kusan wata guda, jiragen da ke zuwa Turai daga Najeriya, waɗanda suka saba haurawa kai tsaye ta Sahara, sai da suka koma zagaye. Nisan da ke tsakanin garuruwa biyu ba ya motsi, amma hanyar da ake bi tana iya canzawa cikin dare ɗaya.

Wani abu da yake taɓa ni in na kalli taswirar nan: tsohuwar hanyar sama ta Sudan, kan sawun kakanninmu ta bi. Masu tafiya Makka a ƙasa ta Borno suke fita, su ratsa Wadai, su shiga Darfur ta Janaina da Fashir, su bi ta Kordofan zuwa Nilu, su kai gaɓar teku a Sawakin su nemi jirgin ruwa. Ana yin shekaru a hanya, ana tsayawa a yi noma ko ƙodago a tara guzuri a ƙara gaba, wasu ba su ƙarasa ba, wasu ba su dawo ba, jikokinsu ne Hausawan Sudan na yau, irin mutanen garin Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu. Jiragen farko da suka sauka Kano ma ta nan suka biyo. Guda uku ne na sojan saman Ingila, suka taso daga kusa da Alƙahira a ƙarshen Oktoba 1925, suna yada zango a Kartum da Fashir da Fort Lamy, wato Injamena ta yanzu, da Maiduguri, suka iso Kano ranar 1 ga Nuwamba, kwana na shida da tasowarsu. Sai in ji mutum yana ƙorafin awa shida in yi murmushi, ko da yake ni ma in gwiwata ce take ciwo zan yi ƙorafin.

Saura minti ashirin ɗin da dawowa ta fi zuwa. Wannan aikin iska ne. Jirgi a cikin iska yake iyo, kamar kwalekwale a kogi: mai bin ruwa da mai gaba da ruwa ƙarfin tuƙinsu ɗaya, amma ba sa isa tare. A ce jirgi yana keta iska da gudun 880, iskar kuma tana tura shi ta baya da 60, to a ƙasa 940 yake ci. In ya juyo ya fuskance ta, 820 zai ci. A kan kilomita 3,420 wannan kaɗai ya haifar da tazarar rabin awa tsakanin zuwa da dawowa. Abin da mutane ba su sani ba shi ne iskar can sama ba ruwanta da wadda muke ji a ƙasa. A Janairu, lokacin da hunturu yake kaɗo mana ƙura daga arewa maso gabas, a ƙafa 37,000 iskar daga yamma take zuwa, kuma tana ƙara ƙarfi in ka matsa arewa wajen Masar da arewacin Saudiyya. Don haka mai tafiya gabas da sanyi ana tura shi, mai dawowa ana danne shi. Da damina kuwa, daga Yuni zuwa Satumba, abin yakan juya a yankinmu, wata iska mai ƙarfi ta taso daga wajen Indiya ta ratso Afirka ta nufi yamma, sai dawowa ta fi zuwa sauri. Kullum kafin in rubuta adadin mai sai na buɗe taswirar iska ta wannan daren, don ta jiya ba ta da amfani. Mafi shaharar misali a tekun Atilantika yake: a Fabrairu 2020, lokacin wata guguwa, wani Boeing 747 na British Airways ya yi New York zuwa Landan cikin awa 4 da minti 56, tafiyar da ta saba haura awa shida.

Akwai masu cewa ai juyawar duniya ce, wai ƙasa tana gudu a ƙarƙashin jirgi. Ba haka ba ne. Gaskiya Kano tana juyawa gabas da gudun da ya haura kilomita 1,600 a awa, amma iskar da ke kanta da jirgin da ke cikin iskar duk tare suke juyawa. Ƙudan da ke shawagi a cikin motar haya ba ya manne wa gilashin baya don motar tana gudun ɗari. Kuma da maganarsu gaskiya ce, da tafiya yamma ce za ta fi sauri kullum, alhali a mafi yawan duniya akasin haka ake gani.

Tunda Janairu za ku tafi, ka sa hazo a lissafi. Ba ya ƙara tsawon tafiya a sama, amma yana iya hana a tashi a kan lokaci, musamman in jirgin da zai ɗauke ku bai samu sauka ba. Na taɓa kwana a ofis da takardar tafiya a gabana, an loda mai, an auna kaya, fasinjoji sun cika zaure, muna jiran jirgin da ke zagaye a saman gari ya ga titi. Kowane rabin awa rahoton yanayi yana shigowa, nisan gani yana raguwa, fitilun ƙarshen titi sun koma kamar aci-balbal a cikin ƙura. Da man jiransa ya kusa taɓa na ajiya, matuƙin ya juya ya tafi wani gari, haka doka ta ce, don kowane jirgi yana ɗauke da man da zai kai shi filin ko-ta-kwana da ƙarin na rabin awa wanda ba a taɓawa. Sai washegari da hantsi aka tashi. Wani dattijo da ya riga ya ɗaura harami tun daga gida ya kwana a kan benci da tawul biyu cikin sanyin nan, har yau ina ganin yadda ya ƙudundune. Ka riƙe wa Hajiya bargo mara nauyi da abin taɓawa a jakar hannu.

Abin da zan fi so ka lissafa ba awa shida da kwata ba ne, daga ƙofa zuwa ƙofa ne. Za ku isa filin jirgi awa uku kafin tashi. Ku yi shida da kwata a ciki. Shige da fice da jiran kaya a Jidda, ka ba su awa ɗaya zuwa biyu. Makka ba ta da filin jirgi, daga na Jidda zuwa Harami kusan kilomita 100 ne, awa ɗaya da rabi a mota in hanya ta yi kyau. Ka ga an doshi awa goma sha biyu zuwa sha uku tun daga sallama da mutanen gida, kuma dare ne ba barcin kirki. Ra'ayina, kada ka bari zumuɗi ya sa ku wuce ɗawafi kai tsaye. Ku sauka masauki, ta ci abinci, ta yi barci, Ka'aba tana nan.

Wani zai ba ka shawarar tikitin da ke yada zango a Alƙahira ko Adis Ababa don ya fi araha, har ya ce ai ta samu ta miƙe ƙafa. Ta Alƙahira nisan wajen kilomita 4,300 ne in aka haɗa zangon biyu a miƙe, amma ba kilomitar ce matsala ba, zaman jira ne, da sauka da hawa sau biyu, da doguwar tafiyar ƙafa a cikin filin jirgi. Ga matashi ba komai. Ga mai ciwon gwiwa, tikitin da ke hannunka ya fi, kada ka canza.

Ka kira kamfanin aƙalla kwana biyu kafin tafiya ka ce a rubuta mata keken tura marasa ƙarfi, a Kano da Jidda, zuwa da dawowa. Kyauta ne, kuma yakan rage mata tsayuwar layi. Ka nema mata kujerar bakin hanya, ba ta taga ba, don ta riƙa tashi tana ɗan takawa duk bayan awa ɗaya ko biyu in fitilar ɗamara a kashe take. Zaman da ya wuce awa huɗu ba motsi yana ƙara haɗarin daskarewar jini a jijiyar ƙafa, balle ga mai shekaru. Tsofaffinmu suna da ɗabi'ar ƙin shan ruwa a jirgi don kunyar zuwa bayan gida, ga iskar ciki busasshiya ce ƙwarai, sai ka lallashe ta, ka raka ta ka nuna mata yadda ƙofar da famfon suke tun da wuri. Magungunanta duka a jakar hannu, kada ko ɗaya ya shiga babban akwati, in tana allurar insulin ma sanyin ɗakin kaya yana iya lalata ta. Ka bar agogo ɗaya a kan lokacin Kano har ku isa don kada lokacin shan magani ya rikice, sannan kafin tafiya ku je wa likitanta da tikitin a hannu ya tsara mata yadda za ta koma agogon can.

Daren naku gajere ne, don kuna tafiya ne kuna tarar rana. Kowane digiri 15 da aka matsa gabas, rana tana riga fitowa da awa guda, tsakanin Kano da Jidda kuwa digiri 30 ne da ɗoriya. Alfijir zai keto muku kafin ƙarfe huɗu a agogon Kano, kuma a Janairu rana tana fitowa a Jidda jim kaɗan bayan ƙarfe bakwai nasu, wato kafin a buɗe muku ƙofa. Sallar asuba a cikin jirgi za ta same ku, ka tambayi malaminku yadda za ku yi tun kuna gida. Haka batun miƙati. Ma'aikatan jirgi sukan sanar in an kusa, amma jirgi yana cin kilomita 14 zuwa 15 a kowane minti, ba mota ba ce da za a ce direba ya dakata. Hajiya kayan jikinta sun ishe ta. Kai ne mai aiki, kuma ɗaura harami a bayan gidan jirgi, wurin da ko juyawa da ƙyar ake yi, ga layin mutum ashirin a bayanka, ba abin da zan so maka ba ne. Ka yi wankanka a gida, ka ɗaura na ƙasa tun a Kano ka rufa da jallabiya, na sama yana kan cinyarka.

In saura mako guda ku tashi, ka ɗauki lambar jirgin da ke kan tikitin, haruffa biyu da lambobin da ke biye da su, ka rubuta a Flightradar24 ko FlightAware, shafukan intanet masu bin sawun jirage. Za su nuna maka tafiye-tafiyen da wannan lambar ta yi a 'yan kwanakin baya: ƙarfe nawa ta tashi a zahiri, awa nawa ta yi a sama, da layin da ta bi a taswira. In ka ga layin ya gangara ta Habasha, shida da kwatan nan ne. In ka ga ya miƙe ta saman Dongola, to an buɗe hanya, za ku riga tikitinku isa, sai ka sanar da wanda zai tarbe ku ya fito da wuri.